Hoton tsuntsaye: a fara da salular da ke aljihu da shamuwar da ke bisa gawo

Yau batun hoto za mu yi, amma ba na biki ba, ba na katin ɗan ƙasa ba. Hoton tsuntsu.

Mun san wani zai yi dariya, ya ce wannan aikin wanda bai da aikin yi ne, ko na Bature ɗan yawon buɗe ido. To, a dakata tukuna. Ku tambayi duk wanda ya ba shekara 50 baya, ungulu nawa ke sauka a mahauta ranar kasuwa sa'ad da yake yaro, sannan ku je ku ƙirga na yau. Ku tambayi yaro ɗan shekara 10 ko ya taɓa ganin gauraka da idonsa, ko tuje, ko burtu mai rai yana tafiya cikin daji. Da yawansu sunan kawai suka sani, a tatsuniya ko a karin magana. Kuma babu wanda ya ajiye mana hoton waɗannan tsuntsaye a garuruwanmu lokacin da suke da yawa, don a zamanin nan sai an je birni ake samun mai hoto. Yau kuwa da wuya ka shiga unguwa ba ka samu salula mai kyamara ba.

Masana sun ƙirga tsuntsu sama da iri 500 a ƙasar Nijar. Wasu a nan suke rani da damina, wasu da ruwan sama suke zuwa, wasu kuma daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi sanyi a wurinmu. Wanda zai fara ɗaukar hotonsu ba sai ya yi tafiya mai nisa ba, kuma ba sai ya jira kayan aiki masu tsada ba.

Abin da salula ke iya yi da wanda ba ta iyawa

Mu faɗi gaskiya tun farko. Idon kyamarar salula, Tecno ce ko Itel ko Infinix ko Samsung, an yi shi ne don ya kwaso fili mai faɗi: mutane a tsakar gida, gona, taron suna. Tsuntsun da ke nesa da kai da taku 20 ɗigo zai fito a hoton. Jawo hoto da yatsu biyu da muka saba yi, a yawancin salulolinmu, ba ya kawo tsuntsun kusa. Ɗigon nan kawai yake kumburawa, sai hoton ya dagule kamar an zuba wa rubutun allo ruwa. In za a jawo, kar a wuce ninki 2. Gara a ɗauka yadda yake, daga baya a yanke gefe da gefe.

Kafin a fita, a goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi. Abu ne ƙarami, amma ƙura da maiƙon hannu suna ɓata hoto fiye da yadda ake zato. A shiga saitin kyamara a zaɓi mafi girman ingancin hoto. A kashe fitilar walƙiya, a kashe ƙarar da take yi in an danna.

Sa'ad da ka saita tsuntsun a fuskar salula, ka taɓa shi da yatsa, a kansa in zai yiwu. Da haka kake gaya wa kyamarar cewa shi kake so ya fito tar, ba reshen da ke gabansa ba. Masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya a kan ido suke dogara: in idon tsuntsu ya fito sarai, mai kallo zai yafe wa sauran hoton, in idon ya dushe, hoton ya tashi banza ko da fikafikan sun yi kyau. Bayan ka taɓa, a salula da yawa wata ƴar alamar rana kan bayyana a gefe. Ja ta sama, haske ya ƙaru. Ja ta ƙasa, ya ragu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Hannu na rawa ko da mutum bai ji ba. Ka manne gwiwar hannu a jiki, ko ka jingina da icce, ko ka ɗora salular bisa katanga ko jikin rumbu. Kuma kar ka yi rowar dannawa. Tsuntsu yakan juya kai cikin ƙiftawar ido, don haka ka ɗauki 10, ka ɗauki 20, da dare ka zauna ka share, ka bar ɗaya ko biyu. Haka manyan masu hoton ma suke yi.

Kusanta, wanda shi ne ainihin aikin

Tunda salula ba ta jawo nesa, kai ne za ka matsa, ko kuma ka sa tsuntsun ya matso. A nan mutumin karkara ya fi ɗan birni mai kyamarar miliyan, don mu wannan ilimi gadonmu ne. Maharbanmu na da sukan ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa, su riƙa tafiya suna sunkuyar da kai kamar tsuntsu na kiwo, har su isa inda kibiya za ta kai. Dabarar ita ce kar abin da kake nema ya ga siffar mutum tsaye yana nufo shi. Ba mu ce a je a kashe burtu don a ɗauki hoto ba, ai shi ma yanzu nemansa ake. Darasin muke so.

Kowane tsuntsu yana da iyakar da in ka ƙetare ta zai tashi. Ta kurciyar cikin gari gajera ce, ta zalɓe a bakin tafki doguwa ce ƙwarai. Kar ka miƙe kai tsaye zuwa gare shi. Ka yi kamar wucewa za ka yi ta gefe, kana rage tazara kaɗan kaɗan. Kar ka zura masa ido, don abin da ke farauta ne ke kallo haka. Ka ɗaga salular tun kana nesa, ka riƙe ta daidai ƙirji, saboda ɗaga hannu farat ɗaya a wurin tsuntsun ƙauye ma'anarsa dutse ko danƙo ne ke tafe. In ka ga ya daina kiwo ya miƙe wuya, tsaya cik, ka kau da kai, sai ya koma harkarsa sannan ka ƙara taku. Farar riga mai sheƙi a bar ta sai ranar Juma'a. A sa mai launin ƙasa ko wadda ta koɗe.

Akwai abubuwan da tsuntsaye suka saba da su har ba su kula su. Amalanken shanu na ɗaya. Wanda ke zaune bisa amalanke yakan wuce dab da tsanwaka, wannan shuɗin tsuntsu mai dogayen gashi biyu a wutsiya da ke zama bisa waya ko busasshen reshe, ba ta motsa ba; da a ƙasa yake da tuni ta tashi. Makiyayi ma haka: balbela na kiwo tsakanin ƙafafun shanunsa, carki na bisa bayan sa yana cirar kaska. Mata kuwa a wurin sussuka da shiƙa, kurciya da hasbiya da ƙananan tsuntsayen nan jajaye da shuɗɗa har gefen tabarma suke zuwa tsintar tsaba. Duk cikinmu babu wanda ke da damar da suke da ita.

Hanya mafi sauƙi ga mai farawa, a ganinmu, ita ce ta kaskon ruwa. Daga watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kuma tafkuna sun ƙafe, ka samu fasasshen kasko ko tsohon murfin tukunya marar zurfi, ka ajiye ƙarƙashin icce a gefen gida inda kyanwa ba ta da maɓoya, ka riƙa zuba ruwa kullum a lokaci guda. Ka kafa ɗan busasshen reshe kusa da shi, don tsuntsu ya fi son ya sauka bisa wani abu ya duba kafin ya sha. A kan reshen nan za ka samu hoton, ba a bakin kaskon ba. Sai ka kafa zana taku uku ko huɗu daga wurin, ka huda ƴar kafa daidai idon salula, ka zauna a baya. Kwanakin farko ba lalle ka ga kowa ba. In suka gane wurin, sai ka rasa wanda za ka ɗauka. Sai dai in ka fara, kar ka yanke ruwan tsakiyar bazara bayan sun dogara da shi.

Haske

Lokaci biyu ne: daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar zuwa kusan magariba. A lokutan nan rana na ƙasa ƙasa, haskenta na shiga ƙarƙashin fikafikai da cikin ido, kuma tsuntsayen ma sa'annan suke kiwo. Da tsakar rana haske daga sama yake dukan kai, ido ya faɗa cikin inuwa, farin tsuntsu ya zama kamar takarda. Rana ta kasance a bayanka, inuwarka na nuna wajen tsuntsun. In kana iyawa ka durƙusa ko ka kwanta, idon kyamara ya yi daidai da idonsa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye ana kallon ƙasa ba ya da rai.

A watannin hunturu hazo kan cinye launi, duk abin da ke nesa ya zama toka toka. Ranar da hazo ya yi kauri kar ka wahalar da kanka da na nesa, ka tsaya kan na kusa.

Shamuwa

In za mu zaɓar wa mai farawa tsuntsu guda, shamuwa ce. Babba ce, ba ta gudun mutane, kuma da kanta take zuwa cikin gari ta yi sheƙa bisa gawo ko tsamiya ko kuka. Al'adarmu ta ba ta kariya tun kaka da kakanni: ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta, don ita ce mai busharar damina. Gawo kuma ya yi wa mai hoto gata, tunda shi da damina yake zubar da ganye, sai sheƙar ta fito fili.

Galibinmu mun san ta da baƙi da fari kawai. Sai ka matsa da hasken safe za ka ga baƙin nan yana walƙiyar kore da shuni, fatar fuskarta shuɗiya ce a lokacin kwanci, da ɗan ja gaban ido, gwiwoyi da yatsu kuma jajaye. Ga inda alamar ranar nan take aiki. Shamuwa na bisa icce, sararin sama mai haske na bayanta, sai salula ta auna hasken saman, ta mayar da tsuntsuwar baƙar inuwa. Ka taɓa jikinta, ka ja alamar sama kaɗan har gashin ya bayyana. Ga balbela akasin haka za ka yi: ka rage hasken, in ba haka ba farin ya ƙone, ba za a ga launin ƙasa-ƙasa da ke fito mata a ka da ƙirji da damina ba.

Shamuwa tana ba ka aikin damina guda cur. Isowarta a ƙarshen bazara, ɗaukar kirare zuwa sheƙa, kwanci na kamar wata guda, ƴaƴa da buɗaɗɗen baki, koyon tashi bayan wajen wata biyu, sannan taruwarsu a gonaki suna cin fara kafin su tafi da kaka. Wanda ya bi sheƙa guda daga farko har ƙarshe, yana ɗauka duk mako daga wuri guda, zai koyi abin da wata shida na yawo ba zai koya masa ba.

Ina take zuwa in ta bar mu? A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga ƙasar Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyi na nan Nijar ƴar na'urar da tauraron ɗan'adam ke bi, sai ga su sun ƙetare zuwa gabashin Afirka har Tanzaniya. Can ma ruwan sama da fara take bi. Wato sa'ad da muke rani, wani manomi a wata ƙasa na kallon shamuwar gawon ƙofar gidanku.

Wani hanzari: sheƙa da yawa cikin gidajen mutane suke. Kar ka tsaya a bayan danga ka ɗaga salula wajen gidan da matan aure suke, ka ce ai tsuntsu kake ɗauka. Babu mai yarda. Ka yi sallama, ka gaya wa maigida abin da ya kawo ka, in ka ɗauka ka nuna masa. Sau da yawa shi zai gaya maka shekara nawa shamuwar ta yi tana dawowa iccen nan, kuma wannan labarin ya kai hoton daraja.

Inda za a duba, da lokacin da za a duba

Da damina cikin gari ma ya isa. Gado na saƙa sheƙarsa a reshe yana lilo yana surutu, mulufi ya yi ja wur bisa karan gero, zalaidu na jan doguwar wutsiya. Cilakowa kuwa, in ka ga namiji na kai da kawowa wurin wani kogon icce da abinci a baki, matarsa ce a ciki: an liƙe bakin kogon, an bar ƴar tsaga da yake miƙa mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Ka zauna nesa kaɗan ka saita tsagar, zai dawo.

Daga kaka zuwa sanyi sai a nufi ruwa. Gulbin Maraɗi, da ya biyo ta Tsibiri da Gidan Runji, yakan bar tafkuna da fadamu bayan ya janye, kuma nan ake samun zalɓe, kirinjijiya, jinjimi, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsattsage laka, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Turai. Babban wurin shi ne tafkin Madarumfa, kudu da Maraɗi, wanda a shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, kuma a nan ma'aikatan gandun daji ne ke fita. Mai sha'awa ya kusance su, zai ƙaru.

Mutanen Agye da Gazawa kuma kar su ce ba su da tafki babba. Suna da itace. Sassaben zamani, wato barin tsiron kututture ya girma cikin gona maimakon a sare shi, a jihar Maraɗi ya fara kafuwa a shekarun 1980, kuma garin Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. An ƙiyasta fili wajen eka miliyan 5 na awon hekta ya sake yin itace a Maraɗi da Damagaram ta wannan hanya. An yi rubutu da yawa kan amfanin hakan ga gero da itacen girki. Wane tsuntsu ya dawo gonakin nan, wane ne bai dawo ba, manomin da ke wurin kullum shi ya fi kowa damar nunawa.

In Allah ya sa ka ga tsuntsu da zobe a ƙafa, na ƙarfe ko na roba mai launi, yi ƙoƙari ka samu hoton ƙafar. Masu bincike ne suka sa, kuma lambar na faɗin ƙasar da aka sa shi da shekarar. Turawa sun daɗe ba su tabbatar da inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba, har a 1822 aka samu wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi tafiyar nan duka da shi. Tana nan ajiye a jami'ar Rostock har gobe. Yanzu hoton zobe ya wadatar, ba sai an kama ko an kashe ba.

Hoto ba rana ba wuri, rabin hoto ne

Duk hoton da ka ajiye, ka rubuta abu uku: ranar da ka ɗauka, wurin, da sunan da dattawan garinku ke kiran tsuntsun. Na ukun nan muna jaddada shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu ma haka: sunan da Bagobiri na Tsibiri zai faɗa ba lalle ya zo ɗaya da na Bakatsinen Gazawa ba, balle na Bafillace ko Buzu. Sunayen nan suna bin tsofaffi kabari, kuma littattafan Turawa ba su da yawancinsu.

Don gane irin tsuntsu akwai manhajar Merlin ta jami'ar Cornell a Amurka. Kyauta ce, in ka sauke ta tare da kundin yankinmu sa'ad da kake da mega, tana iya duba hoto ta ba ka sunayen da take zato ko babu intanet. Zato ne fa, wani lokaci takan kauce, musamman in hoton bai fito ba. Akwai kuma littafin Nik Borrow da Ron Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda aka fassara da Faransanci. Makarantar da ta samu guda ta yi babban kamu. Sannan akwai rumbun bayanai a intanet da aka fara shi musamman don tsuntsayen Nijar da sunan NiBDaB, daga baya aka faɗaɗa shi ya zama WABDaB. Yana karɓar hotuna da bayanan inda aka ga tsuntsu. Yankuna irin namu ba kasafai masana ke zuwa ba, don haka hoton da ka raina yana iya zama shaidar farko daga ƙaramar hukumarku.

Amfanin bai tsaya ga masana ba. Jan baki, wannan ɗan tsuntsu da ke sauka dubbai bisa gero da dawa, in ka gano inda yake kwana ko inda ya yi sheƙa, hoto da sunan wurin da za ka kai wa ma'aikatan gona ya fi dogon bayani da baki.

Ga ƴan'uwa na waje

In ƙanenku ko ɗiyarku ta nuna sha'awa kuna son ku taimaka, ga shawararmu. Kar ku fara da babbar kyamara mai gilashin da ake cirewa ana mayarwa. Tana da tsada, kuma duk buɗewa guda ƙurar hunturu na shiga cikinta, mai gyara kuma sai an yi tafiya. Ku fara da madubin hangen nesa, wanda muke kira jumel. Ku duba wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: 8 ɗin na nufin yana kusanto abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Da shi ake koyon kallo, kuma in aka manna idon salula a bakinsa guda, aka ɗora bisa katanga don kar ya motsa, ana samun hoton tsuntsun nesa da salula kaɗai ba za ta taɓa kamowa ba. Yana son haƙuri kafin hannu ya saba.

In an wuce nan, sai kyamarar da gilashinta ke manne amma yana jawo nesa ƙwarai, irin Nikon Coolpix P900 da ta fito a 2015 mai jawowa ninki 83, ko makamanciyarta ta Canon. Ta hannu ma ta isa. Ku haɗo da batir na biyu da katin ajiya, don ba kullum ake samun wutar caji ba. Mai irin wannan kyamara ya riƙe lamba guda: tsuntsun da ke tashi sai an sa saurin ɗauka ya kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, ko fiye, kafin fikafikai su tsaya. A ajiye ta cikin jaka ko a naɗe da ƙyalle, kar a bar ta cikin rana.

Ku kuma na gida, in za ku tura hoto ta WhatsApp, ku tura shi a matsayin takarda, ba ta hanyar hoto da aka saba ba, don ita wannan tana matse shi ta rage masa kyau. Zai ɗan fi cin mega.

Abin da za a kiyaye

Kar a hau icce don a leƙa sheƙa, kar a sare reshen da ya tare ta, kar a ɗauko ɗan tsuntsu a riƙe a hannu don hoto. In uwa ta tashi daga kan ƙwai cikin ranar Mayu, ɗan lokaci kaɗan ya isa ya lalata su, hankaka da shirwa kuma na kallo. Kar a ba yara kuɗi su kamo tsuntsu. Ranar da ka biya guda, gobe goma za a kawo maka da karyayyun fikafikai. Akwai kuma doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, kuma tsuntsaye na ciki.

Batun ungulu daban yake. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyi a Burkina Faso, Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu cin nama tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun kusan ƙarewa in ba cikin gandun da ake tsaro ba. Ƙaramar ungulun nan ta mahauta ma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa a duniya. Guba na kashe su, kuma ana farautarsu don masu sayen kai da ƙafafu na tsibbu. Saboda haka in ka samu ungulu, ko sheƙarta, ko gauraka, ka ɗauki hoton, ka rubuta wurin a littafinka, ka gaya wa ma'aikatan gandun daji, amma kar ka sa sunan wurin a Facebook. Ba kowa ke kallon hoton da ido irin naka ba.

Sai halin da muke ciki na tsaro. Kowa ya san yadda yankunan bakin iyaka na Gidan Runji da Madarumfa suke, da dajin Baban Rafi. Babu tsuntsun da ya kai a shiga wurin da mutanen gari suka ce kar a shiga. Kar a ɗaga kyamara ko jumel kusa da shingen jami'an tsaro, bariki ko ayarin motocinsu. In ka je garin da ba a san ka ba, ka fara da gaida maigari, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi wani ɗan gari ya raka ka, kuma katinka na aljihu.

Wanda ya samu hoton da yake so a gani, ya kawo mana nan gidan rediyo ko ya turo, tare da ranar, garin, da sunan tsuntsun a bakin mutanen wurin. Za mu sa a wannan shafi, in ban da wurin da ungulu ko gauraka suke, wanda za mu sakaya. Wanda ba a gane ba kuma mu kwatanta shi a cikin shiri, dattawa da maharba da makiyaya su bugo su faɗa mana sunansa.